Harajin Yau Ko Na Gobe: Darasi A Kan Ajiyar Gwauron Da Ya Bar Aiki A Amurka

Babu wanda zai koya wa hakimi ko malamin hakimi cewa magana biyu ke cikin haraji, watau nawa za a biya, da kuma yaushe za a biya. A yawancin ƙasashe hukuma ce ke yanke duka biyun. A Amurka kuwa akwai wani kuɗi wanda doka ta bar wa mai shi zaɓin lokaci, shi ne kuɗin da ma'aikaci ya tara domin tsufansa. In ya so ya biya harajinsa bana, in ya so ya bari sai tsufa ya kama shi sosai. Wannan takarda za ta duba yadda ake yin wannan zaɓi, musamman ga mutumin da ya bar aiki ba shi da mata, ko macen da ta bar aiki ba ta da miji.

Dalilin kawo wannan darasi gabanku shi ne, akwai 'yan ƙasar nan da suka yi shekaru suna aiki can, likitoci da malaman makaranta da direbobi, waɗansunsu sun tsufa suna shirin komowa gida, waɗansu kuwa can Allah zai yi musu cikawa, magadansu na nan. Maganar irin wannan dukiya takan biyo ta ofishin hakimi, ya kamata a san kanta. A ƙasarmu tambayar ba ta tasowa haka. Bisa dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 bisa ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, ba a cire haraji wajen zubawa, ba a kuma cirewa daga fanshon da aka biya shi. Tsarin Amurka dabam yake.

Asusu iri biyu

Asusu na farko za mu kira shi asusun jinkiri. A 1974 aka yi dokar da ta ba mutum damar buɗe irinsa da kansa, suna kiransa IRA, a 1978 kuma aka yi wadda ta haifi wanda ake buɗewa ta wurin aiki, mai suna 401(k), lambar sashen dokar ke nan. Abin da mutum ya zuba ciki ba a lissafa shi cikin abin da ya samu a shekarar, saboda haka babu haraji a kansa. Kuɗin na nan yana juyawa, ribarsa ma ba a taɓa ta. Amma ranar da aka ciro, kowace dala sai a lissafa ta tamkar albashi. Ashe ba yafewa aka yi ba, bashi ne aka ɗaga ranar biyansa. Mai irin wannan asusu, in ya ga takarda ta nuna dala 600,000, kada ya ce duk nasa ne. Yana da abokin tarayya a ciki, watau hukumar haraji, ba ta dai faɗi girman rabonta ba tukuna.

Na biyu shi ne asusun Roth. An yi dokarsa a 1997, ya fara aiki a 1998, sunan kuwa na Sanata William Roth ne, na jihar Delaware, wanda ya tsaya a kan maganar. Shi wannan, sai an biya haraji kafin a zuba. Daga nan shi ke nan, uwar kuɗi da riba duka na mai shi ne, muddin ya kai shekara 59 da rabi, asusun kuma ya cika shekara 5 da buɗewa.

Doka ta yarda mutum ya kwashe kuɗi daga asusun jinkiri ya mayar cikin na Roth, duka ko wani yanki, amma abin da ya kwashe za a lissafa masa shi cikin samun wannan shekara, ya biya harajinsa. Wannan shi muke kira juyarwa. Da farko an hana wanda samunsa ya wuce dala 100,000 a shekara yin haka, amma tun 2010 an buɗe wa kowa. Da kuma, wanda ya juya sa'an nan ya yi da-na-sani yana iya mayarwa, amma tun 2018 an toshe wannan ƙofa. Abin da aka juya ya juyu.

Asalin lissafin

Mutane da yawa sukan ce, ai gara a biya tun kuɗin na kaɗan, kafin ya yi yawa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Mu gwada da garke. A ce mutum na da shanu 100, hukuma na da ɗaya cikin kowane biyar, kuma bayan 'yan shekaru garken zai ninka. In ta karɓi rabonta yau, saura 80, su ninka su zama 160. In ta jira, garke ya zama 200, ta karɓi 40, saura 160. Babu bambanci ko na ɗan maraƙi.

To, a ce rabon yau ɗaya cikin goma ne, na gaba kuwa ɗaya cikin biyar. Wanda ya biya yau ya rage da 90, su zama 180, ya fi mai jira da shanu 20. In aka juya maganar, rabon yau ne mai tsanani, na gaba mai sauƙi, mai jira shi ke da 180, mai gaggawa 160. Duk darasin nan a kan wannan yake tafiya. Abin tambaya guda ne: da kason da za a karɓa yau, da kason da za a karɓa ranar da kuɗin zai fita, wanne ya fi girma? Sauran bayani duk neman amsar wannan ne.

Yadda matakan haraji ke matse gwauro

A Hausa muna bambanta tuzuru da gwauro, muna bambanta bazawara da wadda ba ta taɓa aure ba. Takardar harajin Amurka ba ta kula da wannan. Wanda duk ƙarshen shekara ya same shi ba aure, ba kuma wani da yake riƙo, layi guda ake sa shi, namiji ne ko mace. Don sauƙi za mu ce gwauro, a fahimci duka.

Harajin samu a can hawa-hawa ne, kamar matakala. Ga ma'aunin gwauro na shekarar 2025, bayan an fid da rangwamen da za mu ambata:

har zuwa dala 11,925, kashi 10 bisa ɗari;
abin da ya hau kan wannan har 48,475, kashi 12;
har 103,350, kashi 22;
har 197,300, kashi 24;
har 250,525, kashi 32;
har 626,350, kashi 35;
abin da ya wuce nan, kashi 37.

A lura, kowane mataki abin da ya faɗo cikinsa kaɗai yake ci. Wanda ya ƙetare 48,475 da dala ɗari, wannan ɗarin ce kurum za ta biya kashi 22. Ana kuma ɗaga iyakokin kowace shekara gwargwadon tsadar kaya. Waɗannan kaso bakwai dokar 2017 ce ta kawo su, da nufin su ƙare a ƙarshen 2025, sai wata doka ta watan Yuli 2025 ta zaunar da su. Saboda haka hujjar da aka daɗe ana kafawa, cewa a yi maza a juya kafin haraji ya hau a 2026, ta faɗi. Ko da yake majalisar da ta yi doka tana iya sake ta.

Miji da mata da suka haɗa takarda, matakinsu na kashi 12 ya kai dala 96,950 a 2025, na kashi 22 kuwa 206,700, ninki biyu ke nan daidai. Gwauro rabin fili gare shi. Abin da zai iya juyawa da arha a shekara guda rabin na ma'aurata ne, kuma in cirar tilas ta zo masa, ita ma cikin wannan ƙuntataccen fili za ta sauka.

Akwai wata hujja da masu ba da shawara kan kawo wa ma'aurata, wadda ba ta shafi gwauro ba ko kaɗan, ya kamata ya gane ta don kada a sayar masa da ita. Sukan ce, wata rana ɗayanku zai riga ɗaya, wanda ya saura zai koma ma'aunin gwauro da kusan dukiyar mutum biyu, don haka ku juya tun kuna da faɗin fili. Gaskiya ne a gare su. Shi kuwa gwauro ya riga ya zauna a wannan ma'auni, babu wata matsuwa sabuwa da ke jiransa ta wannan fuska. Wanda ke kwance ba ya tsoron faɗuwa.

Cirar tilas da fanshon tsufa

Hukuma ba ta jira har abada. In mai asusun jinkiri ya kai wasu shekaru, wajibi ne ya riƙa cire wani abu kowace shekara ya biya harajinsa, yana bukatar kuɗin ko ba ya bukata. Da shekara 70 da rabi ne, dokar 2019 ta mai da shi 72, ta 2022 ta mai da shi 73, waɗanda aka haifa daga 1960 zuwa sama kuma sai sun kai 75. Ana raba abin da ke cikin asusun da wata lamba da hukuma ta tsara: mai shekara 73 ya raba da 26.5, mai 80 da 20.2, mai 90 da 12.2. Kun ga ke nan kason na ƙaruwa da tsufa. Wanda ya ƙi cirewa, tararsa kashi 25 bisa ɗari na abin da ya kamata ya cire. Asusun Roth kuwa babu tilas a kansa muddin mai shi na da rai.

Sai fanshon tsufa na gwamnatin tarayya, wanda suke kira Social Security. Mutum na iya fara karɓa tun yana da shekara 62, yana kuma iya jinkirtawa har 70, kowace shekarar da ya ƙara bayan cikar wa'adinsa ana daɗa masa kashi 8 bisa ɗari. Nan ne wurin da lissafi ke da ƙaiƙayi, sai malamai su natsu. Ana haɗa sauran samun mutum da rabin fanshonsa. In jimlar ba ta wuce dala 25,000 ba, fanshon gwauro ba ya biyan haraji. Daga nan zuwa 34,000, kowace dala da ta ƙaru tana jawo rabin dala na fansho cikin haraji. In an wuce 34,000, kowace dala na jawo santi 85, har sai kashi 85 bisa ɗari na fanshon ya shiga. Waɗannan iyakoki biyu tun 1983 da 1993 aka kafa su, ba a taɓa ɗaga su don tsadar kaya ba, shi ya sa kowace shekara suna ƙara kama mutane.

Ma'anar wannan ita ce, tsohon da takarda ta nuna yana matakin kashi 12, in ya ciro dala 100 daga asusun jinkiri, dala 185 za a lissafa masa, ya biya dala 22 da 'yan kai. In yana matakin kashi 22 ne, abin ya kai dala 40 da santi 70. Ba za a ga wannan a jerin matakan da muka kawo a sama ba, amma shi ne ainihin kason da ya kamata a gwada da na yau. Abin da aka ciro daga asusun Roth ba ya shiga wannan lissafi.

Misalin Malam Wane

Mu ƙaddara wani mutum, mu ce masa Malam Wane. Shekararsa 67 a 2025, ba shi da mata, ya bar aiki. Yana da dala 600,000 a asusun jinkiri, yana samun 10,000 a shekara daga hayar wani ɗan gida, yana kuma da ajiya a banki da zai ci har ya kai 70, sa'an nan ya fara karɓar fansho, mu ce 36,000 a shekara.

Rangwamensa na 2025 uku ne: na kowa da kowa 15,750, na wanda ya kai 65 dala 2,000, da wani sabo na tsofaffi, 6,000, wanda aka ba da daga 2025 zuwa 2028, yana kuma fara raguwa in samun mutum ya wuce 75,000. Jimla 23,750. In bai juya komai ba, samunsa na 10,000 bai ko cika rangwamen ba, ba zai biya ko anini ba. Sai ya ga kamar ya yi dabara, alhali kuwa ya bar gona mai kyau ta kwana ba shuka. Rangwamen bana ba a ajiye shi sai baɗi.

To, a ce ya juya abin da zai cika masa matakin kashi 12 cif. A haɗa 48,475 da 23,750, ya zama 72,225, a ɗebe 10,000 na haya, saura 62,225. Harajinsa zai zama dala 5,578 da rabi, watau kimanin kashi 9 bisa ɗari na abin da ya juya. In ya yi haka shekara uku kafin fansho ya fara, ya fid da wajen 186,000 daga hannun abokin tarayya a kan wannan farashi.

Yanzu mu leƙa shekararsa ta 73, mu ɗauka kuɗin na ƙaruwa da kashi 5 bisa ɗari a shekara, mu kuma ci gaba da ma'aunin 2025 don sauƙin lissafi. In bai juya ba, asusun ya kai wajen 800,000, cirar tilas wajen 30,000. A haɗa da haya 10,000 da rabin fansho 18,000, ya zama 58,000, wanda zai jawo 24,900 na fanshonsa cikin haraji. Bayan rangwame, abin da za a yi wa haraji 47,150 ne. Ga shi nan a bakin gaɓa, saura kaɗan ya faɗa matakin kashi 22, inda kowace dala 100 za ta ci masa 40 da ɗoriya har sai fanshon ya gama shiga. In kuwa ya yi juyarwar nan uku, cirar tilas wajen 21,000 ce, harajin shekarar ya ragu da kimanin dala 2,000. Ya biya kashi 9 ya tsere wa kashi 22. Riba ce ta gaske, ko da yake ba irin wadda za ta mai da talaka attajiri ba ce, sai kuma ya yi tsawon rai kafin ya ci moriyarta duka.

Sai kuma a ce wani ya zuga shi ya juya 600,000 ɗin gaba ɗaya a shekara guda, wai ya huta. Samun shekarar ya zama 610,000, rangwamen tsofaffi na 6,000 ya tafi, ya haye matakala har kashi 35, harajinsa ya kusa dala 177,000. Kusan kashi 30 bisa ɗari ke nan, don gudun kashi 22. Babu kuma hanyar komawa. Mutum guda, asusu guda, doka guda, amma juyarwa ta farko riba, ta biyu hasara. Awo ne ya raba su.

Mai ƙaramar ajiya kuwa maganarsa gajera ce. Wanda ke da 150,000 a asusu da fansho 20,000, cirarsa ta tilas a shekara 73 ba ta kai 6,000 ba, fanshonsa bai shiga haraji ba, rangwame ya shanye sauran. Kason da ke jiransa sifiri ne. In ya biya kashi 12 yau don gudun sifiri, ya yi kyauta ga baitulmali.

Akwai wani tudu kuma da mai juyawa da yawa zai yi tuntuɓe da shi. Inshorar lafiyar tsofaffi, Medicare, tana farawa daga shekara 65, kuɗinta na wata a 2025 dala 185 ne a sashen ganin likita. Amma a 2025 ɗin, gwauron da samunsa ya wuce 106,000 dala 259 ya biya, ana kuwa duba samun shekara biyu da suka wuce ne. Wannan ba hawa-hawa ba ne kamar haraji. A ma'aunin 2025, dala ɗaya tak in ta ƙetare iyaka, ƙarin 888 ya hau kansa a shekarar, ban da na sashen magani. Iyakar ma'aurata a 2025 dala 212,000 ce. Haka kuma jihohi na da nasu haraji: Kalifoniya na karɓa, Fulorida da Teksas ba su karɓa. Wanda ke shirin ƙaura daga mai karɓa zuwa wadda ba ta karɓa, ya bari sai ya sauka.

Wa zai ci kuɗin a ƙarshe?

A ganina nan ne maganar gwauro ta fi rabuwa da ta mai iyali, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Mun ce a gwada kason yau da kason ranar fita. To, ranar fitar, a hannun wa kuɗin zai kasance? Mai mata ya san amsa, doka ma ta ba matar damar mai da asusun nata, ta ci gaba da jinkiri. Gwauro sai ya zauna ya yi tunani.

In ’ya’ya ne ko ’ya’yan ’yan’uwa za su gada, tun 2020 doka ta ce su kwashe asusun duka cikin shekara 10. An keɓe waɗansu kaɗan, cikinsu har da naƙasasshe, da wanda mamacin bai girme shi da fiye da shekara 10 ba, kamar ƙane ko ƙanwa da ke biye da shi. In asusun jinkiri ne, magaji zai ɗora abin da ya kwasa bisa albashinsa ya biya haraji a matakinsa. A ce magajin likita ne mai matakin kashi 32. Kowace dala da tsoho ya juya a kan kashi 12, ko ma 22, ya tsirar wa gidan da bambancin. In kuwa magajiyar mai ƙaramin ƙarfi ce, matakinta bai wuce 10 ko 12 ba, tsohon da ya juya a kan 22 ya rage mata gado ne da hannunsa. Magajin asusun Roth shi ma cikin shekara 10 zai kwashe, amma ba haraji.

In kuwa niyyarsa ya bar dukiyar ga masallaci ko makaranta ko gidan marayu da hukumar haraji ta can ta yi wa rajista, to, kada ya juya wannan kaso ko kaɗan. Irin waɗannan ba su biyan haraji, kason ranar fita sifiri ne. Tun yana da rai ma, daga shekara 70 da rabi, yana iya sa a aika musu kai tsaye daga asusun IRA, har dala 108,000 a 2025, a lissafa masa cikin cirar tilas, ba tare da ya shiga samunsa ba.

Saura abu guda wanda ba a son faɗa, amma dole a faɗa. Tsohon da ba shi da abokin zama, in jiki ya ƙi, babu mai jinyarsa a gida, sai gidan kula da tsofaffi ko ma'aikaciyar jinya ta haya, tsadarsu kuwa a can ba a magana. Doka ta yarda a ɗebe kuɗin magani da jinya da ya wuce kashi 7 da rabi bisa ɗari na samun mutum kafin a yi haraji. Saboda haka kuɗin da aka ciro daga asusun jinkiri aka biya jinya da shi, yawancinsa kan fita da ɗan haraji kaɗan, ko babu. Wanda ya riga ya juya duka ya biya haraji a kan kuɗin da da zai fita kusan kyauta. Wannan kaɗai ya isa ya sa gwauro ya bar wani kaso mai kauri a asusun jinkiri, ko da lissafin sauran ya nuna a juya.

Shawarar da ta fito daga duk wannan ita ce ta tsaka. Gwauron da ke da ajiya mai yawa, ya kuma sami 'yan shekaru tsakanin barin aiki da fara fansho, ya juya kaɗan-kaɗan, kowace shekara ya cika mataki mai arha ya tsaya. Haye matakin kashi 22 ko 24 sai mai dukiya ƙwarai, wanda cirar tilas za ta kai shi can ko yana so ko ba ya so, ko mai magada masu babban albashi.

Ƙa'idodin aiki

Ya fi kyau a biya harajin juyarwa daga wata ajiya dabam, don abin da aka kwaso ya shiga asusun Roth cikakke. Wanda bai kai 59 da rabi ba, in ya biya daga cikin kuɗin, abin da ya tsakura zai jawo masa tarar kashi 10 bisa ɗari. Juyarwar shekara tana rufewa ran 31 ga Disamba, mutane da yawa sukan bari sai wajen Nuwamba, sa'ad da samun shekara ya bayyana, don kada a ƙetare iyaka da kuskure. Wanda cirar tilas ta riga ta hau kansa, sai ya fara cire ta, ita ba a juya ta. Shekara biyar ɗin asusun Roth kuwa daga 1 ga Janairu na shekarar da aka fara zubawa ake ƙirga su, don haka buɗe shi da wuri, ko da ɗan abu kaɗan, yana da amfani.

Mai niyyar komowa gida ya yi lissafinsa tun bai ɗaure kaya ba. Wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka, harajinta na binsa ko yana Kano ko yana Katsina. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, ya kuma ajiye takardar izinin zamansa, akan riƙe kashi 30 bisa ɗari na abin da aka aiko masa daga asusun jinkiri, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka. Medicare kuma galibi ba ta biyan magani a wajen ƙasar.

Daga ƙarshe ga abin da ya fi shafar ofishinku. Waɗannan asusu ba su bin wasiyya. Sunan da mai shi ya rubuta a takardar magaji ta kamfanin da ke riƙe da kuɗin, shi za a ba, ko da wasiyya ta faɗi wani abu dabam. Musulmin da ke son a raba bisa shari'a sai ya nemi malami da lauya tun yana da rai, a tsara takardar yadda za ta dace. In wasiƙa ta zo a kan irin wannan gado, malamin hakimi ya fara tambayar abu uku kafin a tara dangi: wane irin asusu ne, na jinkiri ko na Roth, sunan wa ke kan takardar magaji, kuma a wace shekara aka yi rasuwar. Ta ukun ita ke nuna wa'adi, domin shekara goman na cika ne ran 31 ga Disamba na shekara ta goma bayan shekarar rasuwa. Wanda ya rasu a 2024, magadansa na da har ƙarshen 2034.